Hanyar Yatsa a Jikin Tsattsewa

Ran nan ɗan ƙanwata ya shigo shagona da abokansa biyu, suna cin gyaɗa suna zubar mini da ɓawo a ƙasa. Ya leƙa teburin aiki, ya ga ɗan jirgin ruwa na katako wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, sai ya ce, "Tonton, kai kam ka huta. Mutane na can kasuwar Rungis suna ɗaukar kaya cikin sanyi, kai kana zaune cikin ɗumi kana gyaran kayan wasan yara. Ai yanzu inji ma yana buga irin wannan kafin ka gama shan shayi." Abokansa suka yi dariya, ni ma na taya su, don na san kallon kitse suke wa rogo. Na miƙa masa zare da matsefata, na ce ya yi mini ƙulli ɗaya tak a jikin ginshiƙin jirgin. Ya yi ta fama har goshinsa ya jiƙe, can sai ya tuna wai ana jiransa a bakin tashar metro. Saboda shi da ire-irensa na zauna nake rubuta wannan.

Sana'ata gyaran ƙananan jiragen ruwa ne, kwaikwayon manyan nan na zamanin da, waɗanda iska ke turawa. Wasu an yi su ne don a nuna wa hukuma kafin a sassaƙa babban, wasu kuma tsofaffin matuƙa ne suka yi bayan sun bar teku, don hannu ya sami abin yi. Suna nan zaune a gidajen mutane, ƙura na cin su, kyanwa na hawa, jikoki na ja. In sun karye, wurina ake kawo su.

Abin dariyar shi ne an haife ni a wani ƙauye gabas da Damagaram, inda ruwan da ya fi kowane girma shi ne tabkin da ke ƙafewa kafin bazara. Babana matufkin igiya ne, kuma da wuya ka ja guga a yankinmu ba da igiyarsa ba. Ina ɗan ƙarami nake zama gefensa ina murza rama a kan ƙwauri, har gashin wurin ya daina fitowa, kuma har yau bai fito ba. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne ya ga bakin igiya a sake. Yakan ce, "Lawali, igiyar da ba a kashe bakinta ba, ba a gama ta ba." In ya ga irinta a gidan mutane, sai ya tsuguna ya ƙulle ta kafin ya amsa gaisuwa.

Kawuna Alhaji Mani ne ya kai ni birnin Lyon, ina taya shi jido da jera kaya a kantinsa na unguwar Guillotière. In kasuwa ta yi sanyi sai in zauna bakin ƙofa, in zare zaren buhun shinkafa, in yi ta tufka, don hannu ya riga ya saba. Akwai wani tsohon Bature mai suna Arman, yana da shago a lungun bayanmu, kullum yakan wuce da burodi a hammata. Wata rana ya tsaya, ya karɓi abin da na tufka, ya ɗaga shi saitin haske, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni ko zan iya yin wanda ya fi wannan siriri. Na yi. Ya ce wanda ya fi. Na yi masa mai kaurin gashin wutsiyar doki. Sai ya ce to in murɗa ta hagu. Nan na yi sororo, domin a garinmu hannu ɗaya ake tufka. Ya ce a jirgi akwai igiyar da ke murɗe ta dama, akwai wadda ke murɗe ta hagu, kamar ta anka, ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, kuma wanda ya san teku tun daga bakin ƙofa zai gane in an musanya su. Da na gaya wa Kawu zan koma wurinsa, sai ya ce, "Kai Lawali, mi za ka koya a wurin tsohon nan? Jirgin da ba shi ɗaukar kaya, ba shi ɗaukar alhazai?" Amma ya sallame ni, ya ce in na gaji da wasa ƙofar kanti a buɗe take.

Shekarata ta farko ban ƙulla ko zare ɗaya ba, shara na yi. Za ka naɗa auduga a kan tsinke, ka jiƙa ta da yawunka, ka goge wurin da bai fi faɗin farce ba, ka jefar, ka naɗa wata. Yawu ya fi kowane sabulu tausayin tsohon fenti. A cikin azumi kuwa, da bakina ke bushewa, Arman ne ke jiƙa mini audugar yana mita, wai ya ɗauki almajiri ya koma shi ke yi masa hidima. Kayan aikinmu ba su cika aljihu ba: matsefata, ƴar wuƙa irin ta masu fiɗa, allurai da muke karye wa rabin ido su zama ƴan ƙugiyoyi, da dunƙulen kakin zuma da ake jan zare a kai don gashinsa ya kwanta. Sai tukunyar danƙo, wanda ake dafawa da fatar zomo, mai warin da ke bin mutum har cikin masallaci. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ma sayen na kanti, wanda ke kamawa nan take kuma ba ya wari. Ya ce, "Kada ka taɓa yin abin da na bayanka ba zai iya kwancewa ba. Namu ɗigon ruwan ɗumi yana sakinsa ko bayan mun mutu." Ya kuma koya mini in duba kafin in taɓa. Sabuwar karaya fara ce tas, tsohuwa kuwa ta yi duhu, ta sha ƙura da maiƙon hannu.

Da la'asar rana kan shigo ta tagar shagon, ta jefa inuwar igiyoyi a bango. A lokacin ban taɓa ganin teku ba, saboda haka in na ɗaga kai sai in ga jiragen suna tafiya a kan rairayin ƙasarmu, suna ratsa gonakin gero a hankali, ƙyallayensu cike da iska, babana na tsaye a goshin na gaba yana duba ƙulli. Nakan daɗe a haka har sai Arman ya buga tukunyar danƙo da cokali. Daga baya ya kai ni kudu na ga tekun da idona. Na tsaya a bakin gaɓa, kaina ya yi ta juyawa, na ce masa na gode, mu koma. Har yau ban taɓa kwana a kan ruwa ba.

Bayan rasuwarsa na kwashe kayan aikin na koma Paris, don can masu kawo aiki suka fi yawa. Dillalan tsofaffin kayan tarihi sukan so jirgi ya yi ƙyalli kamar sabuwar mota, sai ka yi ta lallashi kafin su yarda tsufansa shi ne darajarsa. Tsofaffin sojan ruwa sukan zo da tabarau su ƙirga igiyoyi, in ba su sami kuskure ba su tafi ransu a ɓace. Akwai kuma matan da mazansu suka rasu, waɗanda za su kawo jirgi lafiyarsa ƙalau, su zauna su ba ka labarin mai shi, su ɗauki abinsu su tafi.

Shekarar da annoba ta sa aka rufe gari ita ce mummunar shekarata. Dillalai suka kulle, waya ta yi shiru. Rungis ɗin nan da ɗan ƙanwata ke yi mini gori da ita, na je ta, na ɗauki akwatunan kifi cikin ƙanƙara wata da watanni. Ba nauyin ne ya dame ni ba, yatsuna ne. Suka yi kanta, suka tsattsage, har ya zama in na riƙe zare ba na jin ko yana hannuna. Mai wannan sana'a da yatsa yake gani, saboda haka na ji tsoro ƙwarai. Kullum nakan shafe su da man kaɗe in sa safar hannu, ina roƙon Allah kada su manta.

Ana cikin haka, bayan an buɗe hanyoyi, wata tsohuwa ta kira ni daga Lyon. Sunanta Madam Odil, ta ce ta daɗe tana neman wanda ya gaji Arman. Na hau jirgin ƙasa na je. Sun baro babban gidansu na kan tudu saboda matakala, sun koma ɗan ƙaramin gida kusa da kogi, kuma a wajen kwasar kaya ne masu ɗauka suka saki jirgin ya faɗi. Ta kawo mini shi a cikin kwali, a naɗe da tsohon mayafi. Ƙaramin jirgin yaƙi ne mai ginshiƙai biyu, irin wanda ake aika da saƙo ko rakiyar jiragen hatsi, ba irin manyan nan da ake zanawa a bango ba. Sunansa da Faransanci sunan tsuntsuwar nan ne tsattsewa, ni ma haka nake kiransa. Kakan kakan mijinta ne masassaƙin jirgin na gaske, ya yi aiki a cikinsa tun yana saurayi har aka farfasa shi, sannan ya ɗebi katakonsa ya sassaƙa wannan.

Mijin, Lusiyan, yana zaune bakin taga da bargo a cinya. Ya gaishe ni da ladabi, ya juya ya gaishe ta ita ma da ladabi iri ɗaya. Ta ja ni wajen murhu ta rage murya.

"Ciwon mantuwa ne," in ji ta. "Ya manta ƴaƴansa, ya manta aikin da ya yi. Abu ɗaya ya rage masa, labarin jirgin nan. Yakan ɗora yatsa a kansa ya ba da shi daga farko har ƙarshe, yadda ubansa ya ba shi. In ya kai ƙarshe sai ya dube ni ya kira sunana. Tun da jirgin ya faɗi, Madam yake ce mini. Jiya ya tambaye ni ko na ga matarsa."

Na ce to ta ba ni labarin, don in san abin da zan mayar.

Ta yi ƴar dariya mai ɗaci. "Mesiye Lawali, tun ina amarya nake jin labarin nan, ina yanka albasa, ina guga, ina yi wa yara wanka. Na ji shi har ban taɓa sauraronsa ba. Guntaye kawai na riƙe."

Na rungumo kwalin a cinyata har Paris. Da na baje shi a tebur sai na ga girman abin da na ɗauko. Jirgin cike yake da abubuwan da ba daidai ba, kuma dole in raba ɓarnar da faɗuwa ta yi da wadda masassaƙin ya yi da gangan. In na bi littafi na gyara komai, zan mayar wa tsohon nan da kyakkyawan jirgin da bai sani ba. Na yi kwanaki ban taɓa shi ba, ina dai juya shi. Wata la'asar haske ya kwanta a gefensa, sai na ga wani siririn layi mai santsi a jikin katakon, ya fi sauran duhu, yana sheƙi. Wurin da yatsun gidan suka yi ta bi ne, uba bayan uba, kamar yadda ƙafa ke fitar da hanyar rijiya a cikin ciyawa. Na rufe ido na ɗora nawa yatsan, mai kanta da tsaga, kuma alhamdu lillahi ya ji santsin.

Hanyar ta fara daga goshin jirgin, inda aka yi faci da katako mai haske. Na kira Madam Odil, ta ce e, ta tuna, jirgin na gaske yana sabo ya hau dutse a cikin hazo yana ɗauke da wasiƙu, aka kwana ana kwalfe ruwa da bokiti. Daga nan hanyar ta bi gefe, ta wuce ƴan tagogin da bakin igwa ke leƙowa. Biyu kawai ke da igwa, sauran fayau suke. Har na fara neman tagullar da zan ƙera sababbi, sai na lura yatsun sun fi daɗewa a kan tagogin da babu komai, sun cinye gefensu. Ta ce ai kuwa, wani babban jirgin Ingilishi ne ya biyo su, suka yi ta tura igwoginsu cikin teku don su rage nauyi. Sai iska ta ɗauke, aka kama su duk da haka. A bayan jirgin, ƙarƙashin sunansa, na sami alamar wasu haruffa da aka kankare. Sunan da Ingilishi suka sa masa ne a shekarun da ya yi musu aiki, kafin a yi sulhu ya dawo hannun masu shi.

Daga nan yatsun suka hau tsakiya, inda aka kafa ƴar rumfa ta ƙyalle, abin da ban taɓa gani a jirgin yaƙi ba. Wannan ta tuna shi sarai: an tura shi gaɓar Senegal, rana ta yi musu yawa, zazzaɓi ya kwantar da rabin mutanen, a ƙarƙashin rumfar ake jera su. Na tambaye ta me ya kai shi can. Ta ce mijinta yakan ce farautar jiragen masu cinikin bayi. Na ce Allah ya sa haka ne. Na karanta isasshe na san irin waɗannan jiragen sun yi gadin cinikin kafin su yi farautarsa, kuma katako bai gaya mini wanne Tsattsewa ya yi ba. Ranar na daɗe zaune ina kallon rumfar, ina ganin gaɓa mai farin rairayi da mutane masu kama da ni tsaye suna kallon ƙyallayensa, ban san ko murna suke ko gudu za su yi ba.

Ginshiƙin gaba gajere ne, an ɗaure shi da igiya kamar ɗorin karaya. Guguwa ce ta karya shi a hanyar dawowa, da guntunsa suka lallaɓo har gida. Faɗuwar ta sake karya shi a daidai wurin, na ɗora shi na bar shi gajere yadda yake. Na tufka duk igiyoyin da suka tsinke a kan ƙwaurina, na dama ta dama, na hagu ta hagu, na rina su da ruwan shayi har suka yi launin tsofaffin. Yatsuna suka dawo a cikin aikin nan ba tare da na lura ba. Hanyar yatsun ta gangaro daga ginshiƙin ta ƙare a kusurwar baya, inda babu komai sai wani tsohon zare da ya yi baƙi, yana reto a waje. Na tambayi Madam, ta ce ba ta tuna komai a kansa ba. Ni kuwa ɗan babana ne. Na naɗe shi da kyau a bisa daɓen jirgin yadda matuƙa ke naɗe igiya, na ɗiga masa danƙo ya zauna.

Ranar da na mayar da shi, ta dafa shayi, ta sa rigar fita kamar za a yi baƙi. Muka ajiye jirgin a ɗan tebur gaban Lusiyan. Ya daɗe yana kallonsa. Can hannunsa ya fito daga cikin bargo, yatsan ya sauka a kan facin goshi, sai murya ta fito, ba irin wadda ya gaishe ni da ita ba, mai ƙarfi, ta mai ba yara labari. Hazo ya sauka a ɗakin nan, muka ji dutsen ya daki katako. Muka tura igwogi cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, muka zauna jiran iskar da ba ta zo ba. Ya faɗi sunan Ingilishin da na kasa karantawa, ya tofar da shi kamar ƙashin kifi. Ya lissafa waɗanda suka mutu a ƙarƙashin rumfa, kowa da garinsu. Madam Odil tana tsaye da butar shayi a hannu, wannan karon tana saurare.

Yatsan ya gangaro daga gajeren ginshiƙin ya iso kusurwar baya. Ya lalubi iska. Ya koma ya sake gangarowa, ya sake lalubawa. Muryar ta tsaya a tsakiyar magana. Na ga fuskarsa tana komawa irin ta ɗazu, mai ladabi, wadda ba ta san kowa ba, hannun kuma ya fara ja da baya zuwa bargo.

Sai Madam ta dire butar. "Zaren," in ji ta. "Wayyo, zaren! Igiyar da ake jefa wa na kan gaɓa ce in jirgi ya iso gida. Matar masassaƙin ce ta cafe ta. Kullum yakan miƙo mini, ni kuwa hannuna da albasa, sai in ce ya ajiye ina zuwa."

Na tsoma tsinke a cikin kofin shayina, na ɗiga ɗigo ɗaya a kan naɗin, na ce Allah ya saka wa Arman. Muka jira, ni da ita, muna kallon hannun tsohon. Danƙon ya yi laushi. Na sa matsefata na warware zaren a hankali, na sake shi ya zubo ta bayan jirgin yana reto, bakinsa a sake, yadda babana ba zai taɓa yarda ba. Na kama yatsan Lusiyan na mayar da shi kan ginshiƙin.

Ya gangaro. Ya sami zaren. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga kai ya duba ɗakin, ya wuce ni, ya tsaya a kanta.

"Odil," in ji shi. "Kama mana, mun iso."

Ta durƙusa a gaban teburin da rigar fitarta, ta kama da yatsu biyu. Na tattara kayana cikin aljihu, ban tsaya shan shayin ba. Sa'ad da nake jan ƙofa tana nan riƙe da zaren, shi kuma ya mayar da yatsansa goshin jirgin ya fara daga farko.